Roba ta Uku

Zuwa ga yayata, Yaya Falta, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Alhaji Jaji da yara gaba ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku a garin mutane, Ya jiƙan Iya da Baba Kallamu, Ya sa suna cikin rahama. Mu nan damina ta yi kyau a ido, gero ya fara fid da kai, sai dai gonarmu ta bakin fadama ba ta ga takin zamani ba bana, kin san inda buhu ya kai, toka da kashin awaki kawai muka zuba mata. Safiyatu ta fara rarrafe, haƙoranta biyu, tana cizona kamar da gayya. Surukata Inna Hure tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, babu wanda ya ragu a ciki. Na san za ki ce me ya sami Rahmatu da rubuta takarda alhali ga waya. Yaya, gidan nan in ka kara waya a kunne har kaji sai sun yi tsit suna saurare, kuma abin da zan faɗa miki bakina ba zai iya furta shi ba. Shi ya sa na ba direban motar shanun da ke zuwa wajenku, na ce ya sa miki a hannu.

Maganar Malam ce, maigidana. Na sha ce miki da sauƙi a waya, to babu sauƙi, ƙarya nake yi miki. Damina uku ke nan yana tari. Da farko a asibitin ƙauye aka karɓi kakinsa aka duba a madubin likita, aka ce an ga ƙwayar tarin fuka, aka ɗora shi a kan magani wata shida. Rana ɗaya bai tsallake ba, ni nake ba shi da hannuna. Ya ɗan ji dama, kaka na wucewa tari ya dawo. Aka sake dubawa, aka sake ganin ƙwayar, aka sake wata shida. Mutumin da kika sani yana saɓa damin dawa ya taho da shi tun daga gona bai huta ba, yau buta cike da ruwa ta fi ƙarfinsa. Sai idanu da dogon wuya. Masu cewa sammu ne sun ce, masu kawo saiwa sun kawo, rubutu kuwa ya sha har allon liman ya koɗe. Ni dai na ƙi yarda a daina zuwa asibiti, don kin san ni da kafiya.

Da bazara aka tura mu babban asibiti, inda suke da wata na'ura. Ita ba kallon ƙwayar cuta take yi ba, wai abin da ke cikin ƙwayar take karantawa, gadon halittarta, wanda kowane iri yake da nasa daban. Aka zuba kakin Malam a ciki, kafin azahar ta ce babu tarin fuka. Na ce kai, wannan wane irin wasa da hankali ne, madubi ya ce akwai, na'ura ta ce babu, shekara guda kuma mutum yana haɗiyar ƙwayoyi? Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da mu. Ta tambayi Malam ko in an zuba masa irin gero da irin maiwa a tafin hannu zai rantse wanne ne wanne. Ya ce sai dai in an shuka. Ta ce to haka abin yake: ƙwayar tarin fuka tana da dangi masu yawa da ke zaune a ƙasa da ruwa, a madubi kamarsu ɗaya sak, amma maganin wannan ba ya kashe waccan. Ita na'urar tasu tarin fuka kaɗai ta sani. Sai an aika kakinsa wani babban ɗakin awo mai nisa, a rene ƙwayar makonni har ta yi yawa, sannan a gwada ta da wata siririyar takarda da layuka ke fitowa a jikinta, layukan su faɗi sunanta. In ba a san suna ba, in ji ta, duk maganin da aka ba shi lalube ne. Wallahi ranar na dawo gida da murna, na ce ashe ciwon nan yana da suna, saura a nemo shi.

Mai awon asibitin, Malam Muntaka, wani dattijo mai tabarau da ba ya son wasa, shi ya ba ni robobi uku masu murfi, kowace da sunan Malam a jiki. Ya ce kowace safiya ɗaya, kwana uku a jere, kakin ƙirji ban da yawu. Ya ce mai babur ɗin da ke kwasar irin waɗannan robobi ya kai tasha, da duk mako yake zuwa, amma tun da mai ya yi tsada sai bayan mako biyu, ranar Alhamis. Ya ja kunnena in kawo su a cike kafin ranar, in ba haka ba sai wani zuwan. Ranar Talata Malam ya yi tari ya cika ta farko. Laraba da ƙyar aka sami ta biyu. Alhamis da safe, bayan ya idar da salla, ya yi ta kakari har jijiyoyin wuyansa suka tashi, hawaye na zuba, babu abin da ya fito. Na ba shi ruwan ɗumi, na bubbuga masa baya, na turara masa ruwan zafi a kwano. Shiru. Daga ƙarshe ya kwanta ya juya fuska bango, ya ce in ƙyale shi ya gaji.

Yaya, kin tuna ranar da Iya ta aike ni mayar da kwanon dambun maƙwabta, na wanke shi tas na kai haka nan? Kin tuna yadda ta murɗe mini kunne a gabanki, ta ce a gidanta ba a mayar wa mutane kwano wayam, ko ƙuli-ƙuli biyu ne a jefa a ciki? Ke kina gefe kina dariya har da riƙe ciki. To wallahi abin da ya faɗo mini ke nan ina tsaye a tsakar gida da roba ta uku a hannu. Mutanen nan sun ba mu abu kyauta, sun yi mana bayani kamar 'ya'yansu, in tashi in miƙa musu roba ba komai, su ce ba mu damu ba, a ƙara mana mako biyu kuma Malam yana narkewa? Ni ma a lokacin ina ɗan tari, wata biyu ko uku, na ɗauka hayaƙin kara ne da ƙaiƙayin sussuka. Na ce a raina ɗakinmu ɗaya, ƙwaryar furarmu ɗaya, ludayi ɗaya, abin da ke ƙirjinsa ai shi ne a nawa, wa zai bambance? Na zaga bayan rumbu, na yi tari, na tofa a ciki na rufe. Ko gabana bai faɗi ba. Har daɗi na ji, ina ganin na yi dabara. Na ɗaure su uku a leda na kai, Malam Muntaka ya duba ya ce madalla, haka ake so.

Wata biyu muna jira. Ruwan shuka ya sauka, ƙannen Malam suka shuka mana, sannan aka kira mu. Likita ta shimfiɗa takarda a kan tebur tana juya ta, ta ce abin ya ba ta mamaki. Roba ta farko da ta biyu sun nuna irin ƙwayar nan ta ƙasa da ruwa, kamar yadda ta zata. Amma ta uku tarin fuka ne tsantsa, babu ko tantama. Ta ce ke nan iri biyu ne a ƙirjinsa, ɗaya ta ɓuya wa na'urarsu, kuma tun da tarin fuka shi ke saurin kisa, shi ke kama mutanen gida, da shi za a fara. A sake ɗora shi a kan ƙwayoyin nan karo na uku, ɗayan ciwon a dakata da shi tukuna. Yaya, a nan ne zan faɗa miki abin da ya fi tofawar muni. Ina zaune a wurin. Na ji da kunnena ta ce ta uku. Na san sarai robar wa ce. Na buɗe baki, na dubi Malam, na tuna Inna Hure na jiranmu a waje a kan benci, na tuna abin da za a ce a ƙauye, matar da ta ha'inci mijinta a kan ciwonsa. Sai na mayar da bakina na rufe. Har godiya na yi wa likita da za mu fito.

Kwana arba'in ina ba shi ƙwayoyin nan. Kowace safiya ni ke ɓare su, ni ke miƙa masa ruwa, ni ke cewa Allah Ya sa kaffara ne. Ina lallashin kaina da cewa magani ai magani ne, wataƙila ma da gaske yana da shi, tun da tare muke kwana. Ina juya baya in toshe bakina da mayafi in yi tarina a ɓoye. A mako na biyar ya fara ƙin abinci, ko ƙanshin daddawa ya ji sai amai. A na shida na ɗaga labule hasken safe ya faɗa a fuskarsa, na ga fararen idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Inna Hure ta ce shawara ce, a nemo saiwa. Ni na san ba saiwa ba ce. Na tsayar da amalanken maƙwabcinmu muka kwantar da shi muka fita titi. A asibiti suka ɗebi jini, likita ta ce hantarsa ce ta gaji, ƙwayoyin sun yi mata yawa, karo uku ba wasa ba ne, a tsayar da su nan take. Ta ce da mun ƙara mako guda da sai dai wani labarin. Ta riƙe kai tana cewa ita abin da ya ɗaure mata kai, maganin da ya kamata ya taimake shi ko kaɗan bai taɓa tarin ba.

Ban iya faɗa mata ba, ta cika kirki. Ɗakin awo na nufa, wajen Malam Muntaka mai ɗaure fuska, don na fi son wanda zai zage ni. Na durƙusa a bakin ƙofa da Safiyatu a baya, na ce Baba, roba ta uku tawa ce. Bai gane ba sai da na maimaita. Ya yi salati, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na ce ya zage ni don Allah, ko ya kira 'yan sanda. Ya ce zagi ba ya gyara hanta. Ya ce ita takardar awo ba ta san Malam ba, ba ta san Rahmatu ba, abin da aka tofa a roba shi take karantawa, kuma gaskiya ta faɗa, mu ne muka liƙa wa gaskiyar sunan wani. Ya tambaye ni tun yaushe nake tari, ko ina zufa in na kwanta, ko zanena ya fara yi mini yawa. Duk na ce e. Sai ya ɗauko sabuwar roba, ya rubuta sunana a jiki da manyan baƙaƙe, ya ce in je bayan ɗaki in cika wannan, tun da na iya. Wannan kaɗai ce baƙar maganar da ya faɗa mini, kuma na cancanci fiye da haka.

Kafin la'asar na'ura ta faɗi abin da na riga na sani. Ni ce mai tarin fuka. An ce na yi sa'a, irin mai jin magani ne. Yaya, ƙwayoyin da aka ba ni, su ne dai waɗanda na yi kwana arba'in ina ɗura wa bawan Allahn nan, kala ɗaya, kwali ɗaya. Nawa ne tun farko, shi ya sha mini su har suka kusa kashe shi. An duba Safiyatu, Allah Ya tsare ta, an ba ta na rigakafi, an ce in ci gaba da ba ta nono amma in riƙa rufe hanci da baki, in kuma raba ɗaki da Malam, don ƙirjinsa ba zai ɗauki ciwo na biyu ba. Shi kuma an koma baya. Likita ta ce takardar farko gidan su ƙwayar kawai ta nuna, a gidan kuma akwai 'yan'uwa biyu da maganinsu ya sha bamban, ga shi can ɗakin awon sun riga sun zubar da wadda suka rena, don an ɗauka magana ta ƙare. Sai an sake aika sabon kaki, a sake reno, a sake jiran wata biyu. Ba za ta ƙara ba shi ko ƙwaya ɗaya a kan zato ba, hantarsa ba za ta jure kuskure na biyu ba. Na tambaye ta ko zai kai wata biyun. Ta ce rai na hannun Allah, amma in kawo robar da wuri.

Na faɗa masa da kaina bayan an sallamo mu. Na zauna daga bakin ƙofa, tun da an hana ni matsowa, na kwashe komai na gaya masa, har da shirun da na yi a gaban likita. Na shirya wa saki, wallahi na riga na ɗaure kayana a raina. Can sai ya ce ashe duk watannin nan ina tari a gefensa bai lura ba, nasa kawai yake ji, in yafe masa. Ya tambaya ko na sha na yau. Ya ce kada Inna ta ji, kada kowa ya ji, a ce kawai an auna ni an ga na ɗauka. Yaya, da ya ɗauki muciya ya rotsa mini kai da ya fi mini sauƙi. Na fita bayan rumbun nan dai na yi kuka har Safiyatu ta taya ni.

Yau Talata. Sabuwar roba tana nan a gefen tabarmarsa tun ranar Asabar, ko ɗigo babu a ciki. Ƙarfin tarin ma ya ƙare masa, sai dai ƙirjin ya yi ta ƙugi, abin ya taso ya koma. Ni kuwa kamar ana tsokanata, nawa ƙirjin a cike yake, ko dariya na yi sai kaki ya zo. Jibi mai babur zai zo. Jiya da hantsi Inna Hure ta ɗauki robar ta ɗaga ta a rana, ta girgiza kai, ta kira ni gefe. Ta ce yanzu haka za a mayar wa mutane da abinsu ba komai, su ce ba mu san mutunci ba? Ta ce tun da ni ma ga tarin, kuma ciwon gida ɗaya ne, in taimaka masa mana in cika, wa zai sani. Da zuciya ɗaya ta faɗa, don ɗanta take yi. Shekara tara ina gidan nan ban taɓa ce wa matar nan a'a ba. Jiya na ce mata a'a, na karɓe robar daga hannunta na mayar inda take. Ta ce lallai na nuna mata ba na ƙaunarsa, ɗan tofi ma na kasa yi masa. Tun jiya ba ta amsa gaisuwata, kuma ba ni da bakin yi mata bayani.

Ga abin da nake roƙonki, don Allah, don darajar Iya. Ki zo. Malam Muntaka ya ce a cikin birni akwai inda ake shaƙa wa marar lafiya tururin ruwan gishiri da wata na'ura, ya kwance kakin ya fito, in ya ƙi kuma akwai wata hanyar da likitoci ke ɗebowa. Sai dai ana bukatar mai tsayawa a kansa kwana biyu ko uku, mai baki, wadda ba ta tsoron masu farar riga. Ni an hana ni shiga mota da shi, kuma ko tsakar gida na share sai na zauna na huta. Ƙannensa suna gona, kuma ko sun je, in aka ce musu su dawo gobe sai su ce to. Ke ce ba a ce wa dawo gobe. Ki roƙar mini Alhaji Jaji ya bar ki ko mako biyu ne, ki faɗa masa duk abin da kika ga dama, ko gaskiyar ce ma, na daina jin kunyar kowa. In kin zo ki zage ni son ranki, ki murɗe mini kunnen da Iya ta bari, amma ki fara kai shi tukuna. Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron ya tafi ba a san sunan abin da ke cinsa ba, alhali an kusa sani, ni na ɓata.

Ki gai da Alhaji Jaji da kyau, ki ce ina neman addu'arsa. Ki gai da Sama'ilu da Nababa, Allah Ya ba su sa'ar karatu, da Hadi mai ƙiriniya, ki ce 'yar ƙanwarsa ta kusa tashi ta kama shi. Malam ya san ina rubutu, ya ɗaga hannu ya ce a gaishe ki. Ki sa a yi mana addu'a a masallacin unguwarku.

In kin samu kin taso, kada ki tsaya sayen tsaraba. Jibi da safe zan sake ɗumama ruwa, in sake bubbuga masa baya daga inda aka yarda in tsaya. In ya fito, alhamdulillahi. In bai fito ba, zan ɗauki robar nan da sunansa a jiki, in yi tafiyar nan har asibiti, in miƙa wa Malam Muntaka ita wayam, ko da kuwa hakan na nufin wasu mako biyun da ban san ko yana da su ba. Iya ta yafe mini.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki mai jiran ganinki a bakin ƙofa,

Rahmatu.